Alkawarin da Ba a Rubuta Ba: Tarihin Kiran Rumbunan Tarayya Daga Manhajojin Lissafi

 Yau tarihin wata matsala muka ɗauko, matsalar da ta daɗe tana hana ɗaliban injiniya da na kimiyyar lissafi barci.

Ga yadda take zuwa. Mutum yana aiki da MATLAB, ko Python mai ɗauke da NumPy, ko R, wato manhajojin da ake sarrafa lambobi masu yawa da su. Sai ya samu wani fayil da wani ya rubuta da yaren C ko Fortran, sunansa ya ƙare da .dll in a Windows ne, ko .so in a Linux ne. A cikin fayil ɗin akwai aikin da yake buƙata, wataƙila na karanta na'urar awo a ɗakin gwaji, wataƙila na warware wani lissafi mai nauyi. Ya kira aikin. Wani lokaci manhajar ta ce ba ta ga komai ba, alhali ga fayil ɗin a gabansa. Wani lokaci ta rufe kanta ba sallama, ta tafi da aikin yini guda. Wani lokaci kuma ta kawo amsa cikin natsuwa, amsar kuma ƙarya ce. Wannan na ƙarshen shi ne abin tsoro, domin yana iya shiga kundin digiri ko rahoton gina gada ba wanda ya lura.

Ruwa ba ya tsami banza. Kusan kowace irin wannan tangarɗa, in aka bi sawunta, za a tarar da wata shawara da wani mutum ya yanke a wata shekara sananniya, bisa dalilin da ya dace da zamaninsa. Mai gyaran matsalar, ko ya sani ko bai sani ba, tarihi yake tonowa.

Bari mu daidaita kalmomi uku kafin mu shiga. Ƙaramin aikin da ake rubutawa sau ɗaya a riƙa kira duk sa'ad da aka so, za mu kira shi ɗan aike, domin kaya ake miƙa masa ya je ya dawo da amsa. Fayil ɗin da ya tara 'yan aike da yawa, rumbu. Manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa yaren da injin ke ji, tafinta.

Rumbu na farko da ya yi suna a Jami'ar Kembirij ta Ingila aka tara shi. Kwamfutar EDSAC ta fara aiki a 1949 ƙarƙashin Maurice Wilkes, kuma wani ɗalibinsa, David Wheeler, ya tsara yadda za a tura ɗan aike ya dawo daidai inda aka tura shi. Dabarar ita ce mai kira ya ajiye adireshin inda yake a wani gurbi da aka amince da shi, ɗan aiken ya ɗauka ya shirya hanyar dawowarsa da shi. A zaren takarda mai huda ake ajiye 'yan aiken, wanda ke buƙata ya kwafi nasa ya haɗa da manhajarsa. A 1951 Wilkes da Wheeler da Stanley Gill suka fitar da littafi a kan wannan tsari. Abin lura a nan shi ne tun ranar farko akwai yarjejeniya tsakanin mai kira da wanda ake kira: ina zan ajiye maka kaya, ina za ka ajiye mini amsa. Injin ba ya duba ko an cika yarjejeniyar. Yau ma, bayan shekara saba'in da ɗoriya, bai fara dubawa ba.

A 1957 kamfanin IBM ya fitar da Fortran, aikin John Backus da abokansa, don kwamfutar IBM 704. Shekara guda bayan haka Fortran II ya ba da damar a fassara ɗan aike shi kaɗai a ajiye, a haɗa shi da manhaja daga baya. Fortran ya zo da ɗabi'un da suka zama gado. Yana fara ƙirga daga 1. Idan zai miƙa wa ɗan aike lamba, adireshin inda lambar take yake miƙawa. Suna ba ya wuce harafi shida, kuma babu bambancin babban baƙi da ƙarami. Sannan jadawalin lambobi, wanda masu lissafi ke kira matiriks, yana jera shi a ma'adanar kwamfuta ginshiƙi bayan ginshiƙi, wato daga sama zuwa ƙasa kafin a matsa gefe.

Dokar harafi shida ce ta haifi sunaye irin su DGEMM da DGETRF waɗanda har yau suke firgita sabon shiga. Ba tsafi ba ne, matsi ne. D na nufin lambobi masu ninkin daidaito, GE na nufin jadawali gama-gari, MM kuma ninka jadawali da jadawali. Duk marubucin da ya taɓa matse labari ya shiga iyakar kalmomin gasa ya san irin wannan wahala.

A 1971 James Wilkinson da Christian Reinsch suka fitar da kundin hanyoyin lissafin jadawali da yaren Algol. Cibiyar bincike ta Argonne da ke kusa da Shikago ta jagoranci mayar da su Fortran, aka samu rumbun EISPACK. A 1979 LINPACK ya biyo baya, aikin Jack Dongarra da Jim Bunch da Cleve Moler da Pete Stewart, kuma a shekarar ne aka wallafa rukunin farko na BLAS, ƙananan 'yan aiken da manyan ke hawa kansu. Moler yana koyarwa a Jami'ar Niyu Meziko, ya ga ɗalibansa suna ɓata lokaci wajen rubuta Fortran da jiran tafinta kafin su taɓa waɗannan rumbuna. Sai ya rubuta wata ƙaramar manhaja a ƙarshen shekarun 1970 da za ta bar ɗalibi ya buga lissafinsa kai tsaye, ita kuma ta kira rumbun a madadinsa. Ita ce MATLAB.

Mu tsaya a nan kaɗan, domin nan ne gindin zancen. MATLAB ƙofa aka gina ta zuwa rumbu. Kiran ɗan aiken wani shi ne sana'ar da aka haife ta a kai. A hannun Moler babu rigima, saboda ƙofar da rumbun duk Fortran ne, tafinta ɗaya ya fassara su, a fayil ɗaya suke zaune. Rigimar ta soma ne lokacin da Jack Little da Steve Bangert suka sake rubuta MATLAB da yaren C, aka kafa kamfanin MathWorks a 1984. Jiki ya koma C, amma ɗabi'a ta zauna ta Fortran: ƙirga daga 1, jeri ginshiƙi bayan ginshiƙi. Har gobe haka take.

Shi kuwa C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajen 1972, kusan komai nasa akasin haka ne. Daga sifili yake ƙirga, kwafin lamba yake miƙawa sai in an ce masa ya ba da adireshi, kuma sahu bayan sahu yake jera jadawali.

Mu ɗauki misali mu gani da ido. A ce muna da awon ruwan sama na garuruwa biyu a wata uku. Sahun gari na farko 1, 2, 3. Sahun gari na biyu 4, 5, 6. Ma'adanar kwamfuta ba ta san sahu ko ginshiƙi ba, layi ɗaya ne miƙaƙƙe. C zai jera 1, 2, 3, 4, 5, 6. MATLAB da Fortran za su jera 1, 4, 2, 5, 3, 6. To MATLAB ta miƙa nata jerin ga ɗan aiken C, aka ce masa sahu biyu ne, ya tara na gari na farko. Zai ɗauki uku na farko da ya tarar, 1 da 4 da 2, ya ce 7. Amsar gaskiya 6 ce. Babu gargaɗi, babu faɗuwa, kuma 7 ba ta yi nisa da 6 ba har ta ja hankali.

Abin da ke ƙara wa wannan tarko haɗari shi ne yadda mutane ke gwaji. Yawanci da jadawali mai sauƙi ake gwadawa, mai sahu da ginshiƙi daidai wa daida, wanda ko an kifa shi bai canja ba. Irin wannan zai ci jarrabawa ko da an juya jerin. Shi ya sa waɗanda suka ga jiya suke gwadawa da jadawalin da tsawonsa ya bambanta da faɗinsa, kowane gurbi da lambarsa daban. NumPy, wadda Travis Oliphant ya fitar da cikakken zubinta na farko a 2006 bisa harsashin Numeric ta Jim Hugunin, ta bi tsarin C ne in ba an ce mata akasin haka ba. Tana kuma da nata wayon: idan ka ce ta kifa jadawali, ba ta motsa ko lamba ɗaya, tana canja yadda take kallonsu ne kawai. Ka miƙa adireshin ga ɗan aiken waje, shi tsohon jerin zai tarar.

Sai batun suna. A 1978 Stuart Feldman da Peter Weinberger suka rubuta tafintan Fortran 77 na Unix a Bell Labs. Don kada sunayen Fortran su yi karo da na C, suka mayar da su ƙananan baƙaƙe suka liƙa ɗan layin ƙasa a ƙarshe. DGEMM ya zama dgemm_. Babu wata hukuma da ta zartar da haka, shawarar masu tafinta ɗaya ce. Wasu kamfanoni suka bi, wasu suka ƙi. Tafintan IBM ya bar suna babu layin, wasu tafintocin Windows suka riƙe manyan baƙaƙe, g77 kuma yakan liƙa layi biyu idan sunan da ma yana da layi a cikinsa. Ɗan aike ɗaya, suna uku ko huɗu. Da C++ ya zo sai ya ƙara dagula lissafi, domin yana cusa bayanin kayan da ɗan aike ke karɓa a cikin sunansa. In ka rubuta ɗan aike mai suna tara wanda ke karɓar cikakkun lambobi biyu, tafintan g++ zai ajiye shi da sunan _Z4taraii. Ka zo kana kiran tara, rumbu ya ce bai san shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Maganin shi ne a rubuta extern "C" a gaban ɗan aiken don tafinta ya bar masa sunansa na yanka. Kafin a kai ga nan, umarnin nm a Linux ko dumpbin a Windows yana buɗe rumbu ya nuna ainihin sunayen da ke ciki. Gani ya kori ji.

Duk wannan, a zamanin da ake haɗa manhaja da rumbu su zama fayil ɗaya, a teburin mai rubutu ake kama yawancin kurakuran suna. Rumbun tarayya ne ya ɗage ranar hisabi. Tunanin ya fito tun tsarin Multics a shekarun 1960: maimakon kowace manhaja ta ɗauki kwafinta, a ajiye rumbu ɗaya kowa ya riƙa ɗiba a lokacin da yake aiki. Windows ta zo da DLL tun fitowarta a 1985, kamfanin Sun kuma ya shigar da tsarin cikin SunOS 4.0 a 1988, daga nan ya bazu a dangin Unix. Ribar a fili take lokacin da ma'adana ke da tsada, ga shi kuma ana iya gyara rumbu ba tare da an taɓa manhajojin da ke amfani da shi ba. Hasarar ita ce haɗuwar mai kira da ɗan aike ta koma kwamfutar mai amfani, inda babu wanda ya rubuta ko ɗaya daga cikinsu.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Rumbun C sunaye da adireshi kawai ya ƙunsa. Bai faɗi kaya nawa ɗan aike ke karɓa ba, ko wane iri ne, ko me zai dawo da shi. Wannan bayanin yana wani fayil daban mai ƙarewa da .h, wanda za mu iya kira takardar gabatarwa. Shi ya sa umarnin loadlibrary na MATLAB yake neman takardar kafin calllib ya iya kira. In takardar ta tsohon zubi ce rumbun kuma sabo, MATLAB za ta yarda da takardar ido rufe. A Python kuwa, ctypes na Thomas Heller, wanda ya shiga cikin yaren a zubi na 2.5 a 2006, ba ya neman takarda sam. In ba ka faɗa masa ba, ɗauka yake duk abin da ɗan aike ya dawo da shi cikakkiyar lamba ce mai bit 32. A kwamfutar yau adireshi bit 64 ne. Sai ya yanke rabi ya miƙo maka rabi, ka mayar wa rumbun wannan guntun adireshi, manhaja ta faɗi. Wani lokacin ma ba ta faɗuwa, in an yi sa'a adireshin ƙarami ne, sai ranar da aka kai aikin wata kwamfutar.

Saƙonnin kuskuren ma suna da nasu laifin. Kuskure mai lamba 126 a Windows cewa yake ba a ga fayil ba, mutum ya yi ta duba sunan fayil ɗinsa yana sake rubuta hanyar da ke kai wa gare shi. An bar jaki ana dukan taiki. Sau da yawa fayil ɗin yana nan, wani rumbun da shi ya dogara da shi ne ya ɓace, saƙon kuma ba ya faɗin wanne. Mai lamba 193 yawanci yana nufin an haɗa rumbu mai bit 32 da manhaja mai bit 64, ko akasin haka. A 2019 Python 3.8 ta daina bin jerin PATH wajen neman rumbunan dogaro a Windows saboda tsaro, manhajoji da yawa da ke aiki jiya suka wayi gari ba sa aiki, sai an nuna musu hanya da os.add_dll_directory. A Linux kuma MATLAB tana zuwa da nata kwafin rumbun libstdc++. Wanda ya fassara aikinsa da tafintan da ya fi wannan kwafin sabunta zai ga ƙorafin cewa ba a sami wani zubin GLIBCXX ba, alhali yana nan a kwamfutar, na MATLAB ne ya riga shi shiga. Umarnin ldd yana nuna wa mutum waɗanne rumbuna nasa ke nema da inda ake samo su.

A zamanin Windows mai bit 32 akwai wata rigimar ta wa zai share wuri bayan an gama. A tsarin cdecl mai kira ne ke kwashe kayan da ya ajiye, a tsarin stdcall ɗan aike ne. In aka saɓa, ko a share sau biyu ko a ƙi sharewa. Dalilin da ya sa ctypes ke da CDLL da WinDLL ke nan. Zuwan bit 64 ya kashe wannan wutar, ya kunna wata.

Cikakkiyar lamba mai bit 32 ba ta wuce 2,147,483,647. Lokacin da aka fitar da LAPACK a 1992, magajin LINPACK da EISPACK wanda MATLAB ta koma kansa a 2000, wannan adadi ya yi kama da abin da ba za a taɓa kaiwa ba. Amma jadawali mai sahu 46,341 da ginshiƙi 46,341 ya riga ya haura shi. Sai aka soma fassara BLAS da LAPACK iri biyu, mai lambobin bit 32 da mai na bit 64, kuma duka biyun sunan ɗan aikensu dgemm_. MATLAB ta zamani mai bit 64 take ɗauke da shi. Ka tuna Fortran adireshi yake karɓa. In ka ajiye lamba 3 a gurbi mai bayit 4 ka ba da adireshinta ga ɗan aiken da ke zaton bayit 8, zai karanta taka ya haɗa da duk tarkacen da ke maƙwabtaka da ita, 3 ta zama biliyoyi. In kuma aka juya, ka ba mai zaton bayit 4 lamba mai bayit 8, a yawancin injinan yau zai karanta daidai bisa katari, sai an zo kan jerin lambobi asiri ya tonu. Masu yaren Julia sun kauce wa karon ta hanyar liƙa 64_ a ƙarshen sunayen nasu rumbun. A ganinmu wannan ita ce dabara mafi hankali da aka yi a wannan fage, kuma ba komai ba ce illa dabarar Feldman ta 1978 da aka sake ɗaukowa. Ko kalmar long ta C ba ta tsira ba: bayit 8 ce a Linux mai bit 64, bayit 4 a Windows, kuma NumPy ta zauna da wannan bambanci a lambobinta na asali har zubi na 2.0 a 2024.

MATLAB ma ta taɓa sauya nata tsarin. Shekara da shekaru tana ajiye lambobi masu ɓangare biyu, na zahiri da na ƙiyasi, a jeri biyu daban, alhali C da Fortran a haɗe suke jera su. A zubin R2018a ta koma irin nasu, kuma dole ta bar wa tsofaffin fayilolin MEX hanyar da za su ci gaba da aiki da tsohon tsari.

Amma labarin da ya fi nuna yadda alkawarin baka ke daɗewa kafin ya ci mutum, shi ne na 2019.

Fortran 77 ya shigo da nau'in rubutu, wato jerin haruffa. A C, rubutu yana ƙarewa da alamar sifili, mai karatu ya ci gaba har ya iske ta. Fortran ba ya sa alama, tsawon rubutun yake riƙewa. To ta yaya ɗan aike zai san tsawon? Tafintan Feldman da Weinberger ya riƙa ƙara tsawon a ɓoye, a ƙarshen jerin kayan da ake miƙawa, inda mai rubutu ba ya gani. Tafintoci da yawa suka gaji wannan. 'Yan aiken BLAS da LAPACK kuwa da yawansu suna karɓar harafi ɗaya a matsayin umarni: N ko T don a ce a kifa jadawali ko a bar shi, U ko L don a ce rabin sama ko na ƙasa. Masu kira daga C suka lura cewa tunda harafi ɗaya ne, ɗan aiken ba ya duba tsawon. Sai suka daina miƙa shi. Aiki ya tafi lafiya. Aka koya wa ɗalibai haka, aka rubuta haka a manhajoji bila adadin, har CBLAS da LAPACKE, waɗanda su ne ƙofofin C na hukuma zuwa waɗannan rumbuna, haka suke yi a wancan lokacin. Shekaru gommai ba abin da ya faru.

A farkon 2019 masu kula da tafintan gfortran suka gyara wani tsohon kuskure nasu game da yadda tafintan ke bayyana 'yan aiken waje. Gyaran daidai ne. Amma ya buɗe wa tafintan hanyar yin wata dabarar sauri. Idan abu na ƙarshe da ɗan aike zai yi shi ne kiran wani ɗan aiken, babu buƙatar ya buɗe sabon wurin ajiye kaya, sai ya sake amfani da wurin da aka ajiye masa nasa. DPOSV na LAPACK haka yake, da kiran DPOTRS yake rufewa. Sai tafintan ya sa shi ya rubuta tsawon harafin a gurbin da yake da yaƙinin mai kira ya tanada. Mai kira daga C bai tanadi gurbin ba. Abin da ke wurin kayan mai kiran ne, aka rubuta a kansu.

Masu yaren R ne suka fara jin zafin, domin manhajojinsu sun soma faɗuwa ba dalili a sababbin zubin Linux. Tomas Kalibera, ɗaya daga cikin masu kula da R, ya bi sawun abin ya rubuta bayaninsa a watan Mayun 2019. Wahalar binciken ita ce ɓarnar ba a inda aka yi ta take bayyana ba. Ɗan aike ya gama aikinsa lafiya ya dawo, can gaba mai kira ya nemi kayansa ya tarar an taɓa, wani lokaci ya faɗi, wani lokaci ya wuce da abin da ya tarar.

Laifin wa? In ƙa'ida za a bi, na masu kira ne, su suka riƙa tauye kaya shekara da shekaru suna cin sa'a. Masu gfortran suna da hujjar su tsaya a kan gyaransu. Amma adadin manhajojin da ke kan wannan tsohuwar ɗabi'a ya fi ƙarfin a ce kowa ya gyara cikin dare ɗaya, cikinsu har da waɗanda marubutansu sun daɗe da barin aiki. Sai aka fara da shawarar a fassara LAPACK da zaɓin da ke hana wannan dabarar sauri, daga baya masu tafintan suka ƙara wani zaɓi mai suna -ftail-call-workaround, suka bar shi a kunne, don tafinta ya riƙa kauce wa dabarar a irin waɗannan wurare. Mu dai muna ganin sun kyauta. Mai gaskiya ne ya sassauta don kada gidan kowa ya rushe, kuma sun faɗa a fili cewa sassaucin lokaci ne suka saya wa mutane, ba wanke su suka yi ba.

Abin mamakin shi ne maganin ya riga cutar zuwa. Ƙa'idar Fortran 2003 ta kawo bind(c) da ISO_C_BINDING, hanyar da aka rubuta a hukumance ta yadda Fortran da C za su yi magana: ga sunan da za a ajiye, ga girman kowace lamba, babu ɓoyayyen kaya. An shafe fiye da shekara arba'in daga fitowar Fortran kafin a rubuta wannan yarjejeniya a takarda. Sai dai BLAS da LAPACK sun girme ta, kuma dubban manhajoji sun riga sun san su da tsohuwar fuskarsu. Babu mai ƙarfin halin canja wa dgemm_ suna ko tsari. Kayan aiki irin su f2py na Pearu Peterson, wanda ke cikin NumPy, suna rage wahalar ne ta hanyar karanta Fortran ɗin su rubuta gadar da kansu, su juya jeri in ya kama, su cika ɓoyayyen tsawo. Wanda ya tsallake su ya kira rumbu kai tsaye, shi zai ɗauki nauyin sanin duk abin da muka zayyano.

Su kuwa masu R, a zubi na 3.6.2 da ya fito a Disambar 2019, sun ba marubutan manhajojinsu wata 'yar kalma, FCONE, wadda za a riƙa rubutawa a ƙarshen kiran LAPACK, sau ɗaya a madadin kowane harafi da aka miƙa. Aka bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya ana saka ta. Wanda ya buɗe takardar gabatarwar BLAS da ke cikin R ya duba ma'anar kalmar, zai tarar da waƙafi, sai nau'in lambar, sai 1.